Ranar da Aka Jawo Bakanike da Igiya

Duk wanda ya taɓa ɗaura inji a bayan jirgi a bakin ruwan nan ya san Tsawa, kuma ya sha faɗansa. Ba sunan yanka ba ne, masunta ne suka laƙa masa, ya bi shi har jikokinsa ba su san yana da wani ba. Gajeren mutum ne kakkaura, ga furfura a gemu, ga baƙin mai a ƙarƙashin farce wanda babu sabulun da bai gwada ba. Rumfarsa ta kwano tana can ƙarshen inda ake ɗaure jirage. Benci ɗaya ne a ciki, da akwatin sifanu, da katakon da yake rataye injina, sai rabin duro cike da ruwa inda yake tsoma ƙafar inji ya tayar ya saurari kukansa. Ba ya sakin inji sai ya ji shi a cikin duron nan, ko da kuwa mai shi zai kwanta a ƙasa yana birgima.

Ubansa masunci ne, kuma ya so ɗansa ya gaje shi, sai dai abin bai yiwu ba. Kamun kifi yana son haƙuri da shiru, shi kuwa yaron ba a haife shi da ko ɗaya ba. In koma ta sarƙe ya yi ihu, in kifi ya kuɓuce ya zage shi har kakansa, har uban ya gaji ya ce ya sauka masa daga jirgi kafin ya kore masa sauran kifin tafkin. Daga nan ya shiga gari ya koyi gyaran babur da injin ban ruwa. Da masunta suka fara ajiye filafili suna sayen inji, ya dawo ya kafa rumfa, ya ci gaba da ihunsa inda ba kifin da zai gudu.

In ka kawo masa inji, kafin ya karɓa sai ya tambaye ka abin da injin ya yi maka da ka yi masa wannan kisan wulaƙanci. Ya buɗe murfi ya dube ka, ya dubi injin, ya ce, "Wannan mai ne ka zuba masa ko ruwan wanki?" Amma fa in ya gyara, ya gyaru. Matarsa takan ce ita ta daɗe da daina jin faɗansa, kamar yadda na kusa da injin niƙa suke daina jin ƙara; ranar da ya yi shiru ne take tambaya ko lafiya.

Mutum ɗaya ne faɗan Tsawa bai taɓa ɗaga wa hankali ba, shi ne Ɗan Sanyi. Tare suka koyi iyo, tare aka zane su a kan satar jirgin mutane, kuma shi ya riƙe wa Tsawa riga ranar da ya fara dambe a kasuwa. Dogo ne siriri, mai magana kamar ana jan ta da zare. Tsawa zai zazzaga masa masifa tun daga rumfa har bakin ruwa, shi kuwa ya jira ya gama, sannan ya ce, "To, sannu da aiki." Wannan amsar ta fi zagi ƙona wa Tsawa rai, kuma Ɗan Sanyi ya sani.

Tun da matar Ɗan Sanyi ta rasu, babbar 'yarsa ce ke riƙe da gidan. Tela ce, da kekenta a zauren gida, mace ce da in ta yanke magana ba ta sake ɗinke ta. Ta daɗe tana so uban ya bar ruwa. Ta ce ya tsufa, ta ce ba abin da ya rasa a gida, shi kuwa ya ce in aka raba shi da jirgi to a haɗa masa da likkafani. A daminar da ta wuce injinsa ya yi ta tsayawa a tsakiyar ruwa, aka yi ta jawo shi da igiya, yau wannan ya jawo shi, jibi wancan. A bakin ruwan nan kuwa ba a ɓoye wanda aka jawo: masu sarin kifi na tsaye, masu wankin koma na tsaye, kafin ka taka tudu labarinka ya riga ka gida. Rannan ta zo rumfar Tsawa da uban a gefenta, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baffa, kai ne shaida. Duk ranar da aka sake jawo Baba da igiya, a ranar zan sa jirgin nan a kasuwa. Ba zan zauna ina jiran a kawo mini shi a kwance ba."

Tsawa ya yi ta sababi, ya ce yaran zamani sun raina iyayensu, ya ce tun ba a haife ta ba ubanta ke keta tafkin nan. Ta bari ya ƙare, ta ce, "Na gode, Baffa," ta tafi. Halin uban ta ɗauko sak.

Daga ranar Tsawa ya ɗaukar wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Ya ce wa abokin nasa in inji ya tsaya kada ya kuskura ya ɗaga wa kowa hannu, shi zai kira a waya. Yana da ɗan jirginsa na gwajin inji, sai ya rufe rumfa ya ce zai je gwaji, ya iske mutumin a tsakiyar ruwa, ya gyara, kowa ya dawo ta hanyarsa. Kusan kullum kuma matsalar ɗaya ce, wato fil. Wani ɗan ƙarfe ne mai laushi, bai fi tsinken ashana ba, shi ke riƙe farfela a jikin sandar da ke juya ta. Da gangan aka yi shi da laushi. Tafkin daji ne kafin ruwa ya cinye shi, cike yake da kututturan itatuwa, in farfela ta daki ɗaya sai fil ɗin ya karye, giyar inji ta tsira. Tsawa ya sha yi wa masunta wannan karatun, domin akwai masu wayon banza da in fil ya ishe su da karyewa sai su cusa ƙusar kafinta a gurbinsa. Ƙusa ba ta karyewa, haƙoran giya ne ke karyewa a madadinta. Ya rantse a gaban kowa, wanda duk ya kawo masa inji da ƙusa a ciki ya nemi wani bakaniken.

Ranar da abin ya faru, hantsi ya dubi ludayi Tsawa na tsugune a kan kabiretar wani, waya ta yi ƙara a aljihunsa.

"Mutumina," in ji Ɗan Sanyi, "ina bayan tsibirin duwatsu. Injin na kuka, jirgi ba ya tafiya."

"Ka sake dukan kututture! Wai kai da ido kake tuƙi ko da ƙeya? Kututturan nan tun muna yara suke wurin, ba tafiya suke yi ba!"

"To, sai ka zo."

Ya jefa fil a aljihu, ya ɗauki filaya da ƙaramar jakar sifanu, ya ce wa mai kabireta ya dawo da la'asar. Mutumin ya buɗe baki zai yi ƙorafi, ya dubi fuskar Tsawa, ya fasa.

Ya same shi a bayan tsibirin, iska ta tura jirgin cikin ciyawar ruwa, shi kuwa yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar mai jiran shayi. Ya yi kamu mai kyau, kifi na ta fal-fal a ƙasan jirgi. Tsawa ya ɗaure jirginsa a jikin nasa, ya tsallaka yana mita, ya ɗaga ƙafar injin sama, ya kwance notin da ke riƙe farfela. Ya sa ran ganin fil a karye gida biyu. Abin da ya gani ƙusa ce, an datse kanta, ta ɗan lanƙwashe amma tana nan daram. Ya juya sandar da hannu, ya ji tana wani ƙasar-ƙasar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ya kwance ɗan notin zuba mai, man ya tsiyayo a tafin hannunsa da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli.

Ya daɗe yana kallon tafin hannun nasa, sannan abin ya taso masa tun daga ƙirji.

"Ƙusa? Ni za ka yi wa ƙusa? Duk jakunan bakin ruwan nan na yi musu wa'azi sun ji, ashe babban jakin yana gindina yana cewa sannu da aiki! Ka san abin da ka yi? Ka niƙe giyar nan gari! Wannan ba ta gyaruwa a kan ruwa, ba ta gyaruwa a rumfa sai an sayo sabuwa! Na bar aikina, na yi wa mutane ƙarya, na yi wa 'yarka ƙarya, ina yawo da fil a aljihu kamar mai tallan allura, kai kuma kana nan kana cusa ƙusa!"

Tsuntsayen da ke kan duwatsu suka watse. Ɗan Sanyi bai ce sannu da aiki ba wannan karon. Ya sunkuyar da kai yana murza igiyar koma a hannu.

"Magana nake yi maka! Fil nawa na ba ka ka ajiye? Ina suke?"

"Suna nan a gwangwani."

"To uban me ya hana ka sa su?"

"Ramin ne ba na gani," in ji Ɗan Sanyi a hankali. "In ya karye ina kan ruwa, sai in yi ta laluben ramin, fil ɗin ya faɗa ruwa, in ɗauko wani shi ma ya faɗa. Na ga kiran naka ya yi yawa. Shi ne na zauna a gida na lallaɓa na sa wadda ba za ta karye ba."

Tsawa ya ɗago hannunsa mai baƙin mai, ya miƙe yatsu uku daga inda yake a bayan jirgin. "Nawa ne nan?"

Ɗan Sanyi ya ƙanƙance ido, ya karkata kai gefe kamar kaza. "Ka bar wannan wasan."

"Na ce nawa ne!"

"Ina ganin ka ai. Gefe-gefe ne ya rufe, sai tsakiya, ita ma da hazo. In rana ta yi ƙarfi a kan ruwa, shi ke nan. Amma na san tafkin nan, mutumina, ko a rufe da ido..."

"A rufe da idon kake ai! Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

Wani sabon ɓacin rai ya rufe Tsawa, wanda ya fi na ƙusar zafi. Ashe duk kututturan nan da ake ta duka ba sakaci ba ne. Ashe yarinyar nan da ya yi wa sababi ita ce mai hankali, shi ne aka mayar sakarai, yana ta toshe wa makaho hanyar asibiti da fil. Ya ji kamar ya ɗauki filafili ya rafka wa abokin nasa, ya kuma ji tausayinsa ya kama shi, tausayin ya ƙara ba shi haushi.

"Ka ɗauko igiya," ya ce. "Jan ka zan yi."

Ɗan Sanyi ya ɗago kai. Tun da suke, Tsawa bai taɓa ganin tsoro a fuskar nan ba sai yau.

"Kada ka yi mini haka. Ka san abin da ta ce. In ka shigar da ni a ɗaure, ban ƙara taka jirgi ba har in mutu. Me zan zauna in yi? In riƙa tsinke mata zare a zaure? Don Allah, don zaman da muka yi."

"Jirgi biyu, inji ɗaya! Dole a ja wani! Ko tashi sama za ka yi?"

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa, ya kuma ga Ɗan Sanyi ma ya ji. Injinan nasu iri ɗaya ne, domin Tsawa ne ya zaɓa masa nasa. Bambancin kawai murfi: na Ɗan Sanyi an shafa masa shuɗin fenti, na Tsawa duk ya kwarzane.

"A'a," in ji Tsawa. "Kada ma ka fara. Ni? Bakanike? A jawo ni da igiya a gaban mutanen da nake zagi kullum a kan inji? Wallahi ba za a yi ba!"

Ɗan Sanyi ya zauna kawai da dogayen hannayensa a kan gwiwa.

Aka yi musanyar injinan. Tsawa bai daina zagi ba tun daga kwance maɗaurin farko har ɗaure na ƙarshe. Inji ba abin wasa ba ne a kan ruwa, ga nauyi, ga jirage biyu na rawa, ga tsofaffi biyu da kowanne bayansa ke ciwo. Ya ɗaura wa kowane inji igiya don kada ya nutse in ya kuɓuce, suka rungumo mataccen suka mirgina shi cikin jirgin Tsawa, ya murƙushe masa ɗan yatsa har jini ya fito. Ya zagi injin, ya zagi kafintan da ya ƙera ƙusar, ya zagi ranar da ya koyi iyo tare da wannan mutumin. Suka ɗaura mai lafiyar a bayan jirgin Ɗan Sanyi, ya musanya murafan, ya ja igiyar tayarwa da kansa, injin ya kama tashi ɗaya.

"Yau kaɗai," ya ce yana huci. "Ka ji ni? Yau kaɗai. Gobe za mu zauna ni da kai a kan maganar idon nan."

"Allah Ya bar zumunci."

"Rufe mini baki!"

Ya koma jirginsa ya zauna kusa da mataccen inji, filafili a hannu don daidaita jirgin, igiya ta miƙe, suka kama hanya. Tun da suke bai taɓa zama a bayan Ɗan Sanyi yana kallon tuƙinsa ba, kullum kowa hanyarsa yake bi. Yau ya gani. Mutumin ba da ido yake tuƙi ba, da sabo yake yi. Yana karkata kai yana neman inuwar tsibiri, yana sauraron iska, yana bin hanyar da hannunsa ya haddace. Inda hanyar take yadda ya san ta, ba ka cewa komai. Amma da suka zo inda wani ya kafa sabbin turakun koma, sai da Tsawa ya daka masa tsawa ya kauce, ya wuce su da kamar taki ɗaya bai ma san suna nan ba.

Tun daga nesa 'yan bakin ruwa suka hango su. Wani ya sa hannu a goshi, ya kira wani, kafin ka ce me kowa ya bar abin da yake yi. Jirgin Ɗan Sanyi a gaba yana tafiya lafiya lau, igiya a baya, a ƙarshen igiyar kuma Tsawa ne zaune da filafili kamar an kamo ɓarawon akuya. Ihu ya tashi. Masu sarin kifi suna tafi, mai kabireta har da riƙe ciki.

"Bakanike, ruwan wanki ka zuba masa?"

"A kai shi duro a ji kukansa!"

"Ɗan Sanyi, nawa za ka sayar mana da wannan babban kifin?"

Kunnuwan Tsawa suka yi zafi, ya cije haƙora yana haddace fuskar duk wanda ya yi dariya. Shi ya sa ma ya kusa makara. Can gefen da ake shigowa, wani dattijo mai gyaran koma yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, ya juya baya yana ɗauraye komarsa, kuma kowa ya san kunnensa ya yi nauyi. Hancin jirgin Ɗan Sanyi ya nufe shi kai tsaye. Ɗan Sanyi na murmushi, ya ɗaga hannu ɗaya yana amsa wa masu ihu, bai rage wuta ba.

"Dama! Yi dama! Mutum a gabanka! Kashe injin!"

Muryar ta keta ihun mutane duka. Ɗan Sanyi ya firgita ya fizge hannun injin, jirgin ya karkace, gefensa ya goge kafaɗar dattijon ya tura shi cikin ruwa, farfela ta wuce ta tsinke komar da ke hannunsa. Jirgin Tsawa da ke biye ya zo zai hau kansa, Tsawa ya kafa filafili da duk ƙarfinsa ya karkatar da shi. Dattijon ya taso yana tari yana lalubar hularsa, bai ma gane abin da ya same shi ba. Mutane suka ɗauka nauyin jan jirgi ne ya kwashe Ɗan Sanyi, aka jawo dattijon, aka yi masa sannu, dariya ta dawo. Tsawa kaɗai ya ga tazarar da ke tsakanin farfela da cikin mutumin, kuma ba ta kai tsawon hannu ba.

Suka ɗaure jirage. Ɗan Sanyi ya matso kusa da Tsawa, ya yi ƙasa da murya.

"An tsallake, mutumina. Ba wanda ya gane. Ka ga ni na shigo da kaina."

Tsawa ya kwance injinsa daga bayan jirgin Ɗan Sanyi, shuɗin murfin da komai, ya saɓa a kafaɗa ya kai rumfa, ya dawo ya ɗauki mataccen ya kai, ya zarga sarƙa ya haɗe su biyun ya datse kwaɗo. Sannan ya fito ya kama hanyar unguwa. Ɗan Sanyi ya bar kifinsa a hannun masu sari ya biyo shi da sauri yana tuntuɓe.

"Ina za ka? Tsaya mana. Ka ce gobe za mu zauna."

"Na fasa."

"Ka yi mini alkawari!"

"Na karya! Ka kusa yanka mutum gida biyu kana ɗaga wa jama'a hannu! In kai ka ƙi ranka, shi me ya yi maka? Da injina! Ni na ɗaura maka shi da hannuna!"

"To me ya sa ka bari aka jawo ka? Ka sha dariyar banza kenan?"

"Na sha! Ni na ga dama!"

'Yar Ɗan Sanyi tana kan keke suka shiga zauren, ta tsayar da ƙafa ta miƙe. Ta dubi Tsawa da jini a yatsa, ta dubi ubanta, ta ce, "Baffa, lafiya? Yanzu ake ce mini wai kai aka jawo."

"Ƙarya ce. Ni aka jawo, amma injinsa ne ya mutu, musanya muka yi. Kuma ba yau na fara rufa masa asiri ba, tun ranar da kika zo rumfata nake bin sa cikin ruwa ina gyara masa a ɓoye. Ubanki ba ya gani, 'yata. Yau saura kaɗan ya kashe mutum. Ki kai shi asibiti, ki sayar da jirgin. In kina neman wanda za ki zaga, ga ni."

Ba ta zage shi ba. Ta juya ta dubi uban, ta ce, "Baba?" sai hawaye. Ɗan Sanyi na tsaye a bakin ƙofa, ya dafa bango. Bai dubi 'yar ba, inda Tsawa yake ya juya.

"Fita mini daga gida," ya ce, da muryar nan tasa mai sanyi. "Tsakanina da kai sai a lahira."

Aka kai shi asibiti. Likita ya ce abin da ya tafi na ganin ba ya dawowa, sai dai a tsare ɗan abin da ya rage da magani, ya kuma ce da an zo da wuri da an tsare fiye da haka. Da wannan maganar ta iso rumfa, Tsawa ya yi jifa da sifana har ta huda kwano. Jirgin kuwa wani masunci daga ƙetaren tafki ya saye shi, ya sake masa fenti.

'Yan bakin ruwa sun ji gaskiyar labarin daga baya, amma ba su fasa tsokana ba, har gobe in Tsawa ya cika wa mutum ciki sai ya ce, "A kawo igiya." Wasu na cewa ya kyauta, wasu na cewa amana ya ci, shi kuwa duk ɓangarorin biyu zagin su yake yi. Ɗan Sanyi yakan fito da hantsi da sanda, ya bi gefen hanya a hankali har bakin ruwa, ya zauna a kan wani kifaffen jirgi yana sauraron injina. Hanyar ta gaban rumfar Tsawa ta bi. In ya zo daidai nan sai ya kau da kai, ya gaida mai shayi, ya gaida mai faci, ya wuce. Tsawa ya yi masa sallama ya gaji, ya aika matarsa da ban haƙuri an dawo da ita, ya tare shi a hanya ya zazzaga masa masifa ko zai tanka, bai tanka ba.

Wata rana da yamma matar Tsawa ta ajiye masa abinci, ta ga ya tasa shi a gaba bai taɓa ba. Ta zauna a bakin tabarma.

"Malam, in ce dai ba nadama kake yi ba? Da ka bari ya faɗa mata da bakinsa, wataƙila da yanzu kuna tare."

"Da bakinsa? Wannan? Da sai an tsamo gawa tukuna, tasa ko ta wani!" Ya ture kwanon, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Nadamar me? Ya yi ta gaba da ni har ƙarshen duniya, ban damu ba! Kullum ina ganin sa yana wucewa da ƙafarsa, yana kau da kai. Ya ci gaba da kau da kan. Ni dai in gan shi ya wuce."